Yaron Nan Yana Jin Yunwa

Fensir ne ya fara ɗaukar idona. Yana tsakanin yatsunta, bakinsa a kan takarda, amma ba rubutu yake yi ba, rawa yake yi. Na ɗaga kai na dube ta, sai na ga gumi ya tsattsafo mata a kan hanci, alhali ruwa aka wuni ana yi jiya, zauren ma da sanyi har Goggo ta lulluɓe ƙafafunta da mayafi.

Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malam." Ta sunkuyar da kai.

Ni kuwa na ce a raina, to, abin ya zo.

Shekarata goma sha takwas a lokacin. Na gama makaranta ina jiran takardar kiran aiki daga Maiduguri, domin a shekarun nan can ne hedikwatar jiharmu ta Arewa maso Gabas, duk mai son aikin gwamnati can yake sa ido. A Jimeta muke zaune. Kakanmu bafatake ne daga Kano, mahaifina kuma yana da shagon yadi kusa da kasuwa. Mahaifinta, wanda muke ce wa Bappa, mutumin Yola ne, gidansa a unguwar Makama, kuma tun kafin a haife ni a wurin mahaifina yake yankar yadin Sallah. Shi ya roƙi a ba shi aron ni, in riƙa zuwa ranar Asabar ina koya wa 'yarsa Turanci, don za ta zauna jarrabawar shiga makarantar horon malamai. Shekararta sha shida. Goggo yayar Bappa ce, ita aka ɗora wa zama da mu a zaure, tana saƙar faifai tana sa mana ido.

Dole in faɗi irin abin da na cika kaina da shi, in ba haka ba ba za a gane wautata ba. Akwai wani mutum a kasuwar Jimeta da ke baza ƙananan littattafai a kan buhu, waɗanda ake kawowa daga kudu. Takardarsu ba ta fi ta ƙunsa ƙosai kyau ba, a bangon kowanne akwai mace tana kuka ko namiji ya dafe ƙirji. Ban san iyakar waɗanda na karanta ba. A ƙarƙashin kantar shagonmu nake ɓoye su, a bayan bandiran yadin akoko. Daga cikinsu na koyi cewa idan budurwa ta kamu da so, alamunta huɗu ne: hannunta zai yi rawa, gumi zai karyo mata, harshenta zai sarƙe, abinci kuma ya fita daga ranta. Idan abin ya kai maƙura sai ta suma, ta farfaɗo da sunan masoyinta a baki. Na haddace wannan kamar yadda na haddace jadawalin lissafi, kuma ban taɓa tambayar kaina wa ya gaya wa marubutan ba.

Da hantsi nake barin Jimeta a kan keken mahaifina, in bi hanyar da ta ratsa gefen tafkin Njuwa, in wuce masu shuka shinkafa da masunta suna shanya raga. Duk tsawon hanyar tsara magana nake yi. Idan na isa sai Goggo ta leƙa ciki ta yi kira da Fulatanci, yarinyar ta fito da littafinta.

A farkon darasi ba ta da alamar mai ciwo ko mai so. Tsiwa ce da ita, ta natsuwa.

"Malam, wannan kalmar an rubuta ta da haruffa shida, ana faɗin uku. Sauran ina suka tafi?"

"Haka Turawa suka ga dama."

"Ashe su ma suna da 'yan rakiya."

Goggo ta ce, ba tare da ta ɗago daga faifanta ba, "Kai, yi karatu. Malam bai zo daga Jimeta don surutunka ba."

Haka Goggo take Hausa, kamar yawancin tsofaffin Yola. A bakinta mace "shi" ce, namiji ma "shi" ne, kowane ɗan yaro kuma "yaro" ne, ko da kitso a kansa. A gidanmu ana yi wa irin wannan Hausar dariya a ɓoye, amma babu wanda ba ya jin ta. Da ita na tashi. A shago ina jin ta sau ashirin a rana, mace ta ce, "Yarona zai yi aure, a yanko masa zane."

Sai rana ta ɗaga, mun yi kamar awa biyu, sannan abin yake farawa. Tsiwar ta mutu. Fensir ya soma rawa. Ta karanta layi ɗaya sau biyu ba ta sani ba. Wani lokaci ta ƙura mini ido shiru, kamar tana ganina daga nesa, wani lokaci ta yi dariyar da babu dalili. A daidai nan ake kawo mini kunun gyaɗa a ƙwarya mai murfin faifai. Ni kaɗai nake sha. Ita juya mini kafaɗa take yi ta fuskanci bango.

Na taɓa cewa, "Bismillah mana."

Ta zaro ido. "A gabanka? Malam, so kake a yi da ni a Makama?"

Na san al'adar. A gidajen Yola irin nasu, budurwa ba ta tauna ko ƙwayar gyaɗa a gaban baƙo namiji. Kunya ce da ake koya musu tun suna ƙanana, har manyan maza ma ba sa son a gan su suna ci a kan hanya. Na sani sarai. Amma da na koma kan keke sai na ajiye abin da na sani, na ɗauki na littafi. Alama ta huɗu ta cika, abinci ya fita daga ranta.

Abin da ban sani ba a lokacin, a cikin gida an daɗe da sanin cewa yarinyar ba ta jure yunwa. Kusan shekara biyu ke nan, in ta daɗe ba ta sa wani abu a baki ba sai ta rikice. Azumin bara sau uku tana faɗuwa kafin la'asar, har Bappa ya hana ta. Wasu sun ce kwaɗayi ne, tunda ta yi ƙiba. Wasu sun ce iska ce ta taɓa ta a bakin Njuwa, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Mahaifiyarta dai ta gano cewa kunu ko zuma na dawo da ita, don haka take ɗura mata wani abu kafin ta fito wurina, da zarar na tafi kuma a tare ta da kwano. Ba wanda zai gaya wa baƙo wannan. Wa zai ce wa ɗan mutane 'yarmu ba ta iya awa uku ba ta ci ba?

Ni kuma da na lura cewa in na daɗe alamun sun fi fitowa, sai na riƙa daɗewa. Wannan ne abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa. In Goggo ta fara tattara zarenta, sai in ce saura shafi ɗaya. In ƙirƙiro shifta. Ina karanta jimla a hankali, ina satar kallon yatsunta, ina jin daɗi.

Takardar Maiduguri ta iso ranar wata Alhamis, aka ce in bayyana cikin mako biyu. Ranar Juma'a na zauna a shago na rubuta wasiƙa shafi huɗu da Turanci, rabinta sata ce daga littattafan nan. Na shirya zan ba ta a matsayin darasin karatu, ta karanta da bakinta, Goggo ba za ta ji ko kalma ba. Ranar Asabar zumuɗi ya hana ni jiran hantsi. Rana na fitowa na hau keke.

Na iske Bappa zai fita, yana tafe a ɗan duƙe, hannunsa a kan kwiɓi. Ya daɗe yana fama da tsakuwa a ƙoda da gyambon ciki, kowa ya san shi da haka.

"A'a, ɗan Alhaji, yau da sassafe? Ko Jimeta ta kore ka ne?"

"Na samu aiki ne, Bappa. Ina so mu ƙarasa littafin kafin in tafi."

"Madalla, Allah ya sa albarka. Shiga, shiga."

Ya ɗaga murya ya kira ta, ya wuce. Ta fito tana gyara ɗankwali. Na hangi ƙwarya a hannunta, ta ajiye ta a bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida kafin ta ƙaraso. Na gani da idona. Ban ba abin wata ma'ana ba.

Kunya ta hana ni fito da wasiƙar da wuri, na yi ta jan darasi ina neman ƙarfin hali. Ran nan alamun ba su jira awa biyu ba. Tun kafin rana ta shigo ƙofar zaure goshinta ya jiƙe. Goggo ta yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, ta girgiza kai. Can an jima Goggo ta sake yi, ta sake girgiza kai, ta ɗan kalle ni.

Sai Goggo ta juya fuskarta wajen ƙofar cikin gida, kamar mai magana da matan ciki, ta ce da ƙarfi:

"Yaron nan bai ci komai ba tun safe. Yana jin yunwa."

Na yi murmushi na ce, "Haba Goggo, na karya kafin in fito. A ƙoshe nake."

Ta dube ni. Har yau ina ganin wannan kallo. Ta sake cewa, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Yana jin yunwa, Malam. In bai ci ba, faɗuwa yake."

"Ni? Ai ko wuni zan yi ba abin da zai same ni. Mu da muke tuƙa keke daga Jimeta."

Na faɗi haka ne don yarinyar ta ji ni jarumi. Goggo ba ta taɓa yi wa matan ciki magana da Hausa ba, ko sau ɗaya. Ta yi Hausa ne don ni in ji, ta juya fuska ne don kada ta kunyata 'yar ƙaninta a gabana, kada kuma ta zama ta kori baƙo. Ta yi iyakar abin da tarbiyyarta ta yarda mata. Ni da na tashi cikin wannan Hausar, ran nan kaɗai na ji ta da kunnen Bakano, don a zauren nan ban san akwai wani yaro da za a damu da shi ba in ba ni ba.

Goggo ta ajiye faifai ta miƙe da ƙyar, ta ce bari ta shiga ta dawo. Ina jin ta je kiran mahaifiyar yarinyar ne, don ta zo ta janye ta da wani uzuri. Ni kuwa na ga dama ta samu. Na zaro wasiƙar na miƙa mata.

"Karanta wannan da ƙarfi."

Ta karɓa, takardar tana kaɗawa a hannunta. Ta buɗe baki, kalmomin suka fito a cakuɗe, ba Turanci ba ba Hausa ba. Ta dube ni, idanunta ba su tsaya a kaina ba. Sai ta sulale ta gefe, kanta ya sauka a kan tabarma.

Ban yi ihu ba. Ban tashi ba. Na zauna ina kallonta, zuciyata na bugawa da murna, ina jiran ta buɗe ido ta kira sunana. Ban san tsawon lokacin ba. Na sha ce wa kaina bai fi ƙiftawar ido ba, amma na tuna na ɗauke wasiƙar daga ƙasa, na ninke ta, na mayar aljihu don kada Goggo ta gani. Mai gaggawa ba ya ninke takarda. Sai da ƙafafunta suka fara fizga, kumfa ta fito a gefen bakinta, sannan littafin ya fita daga kaina, na ga yarinya ce ke mutuwa a gabana.

Ihun da na yi ya fito da gidan gaba ɗaya. Mahaifiyarta ta zo da zuma tana shafa mata a dasashi, tana kiran ta, tana jijjiga ta. Da can haka ake yi ta dawo. Ran nan ba ta dawo ba. Goggo ta ɗago ƙwaryar nan daga bayan ƙyaure, kunun ya yi sanyi ya daskare, ba a taɓa shi ba. Ta dai ajiye ta a gabana.

Kafin a nemo Bappa, a samo motar da za ta kai ta asibiti, azahar ta yi. Na bi su a keke. Likitan wani dogo ne daga kudancin lardin nan, Kirista, mai Hausa irin ta Jimeta. Ya ɗebi jininta, ya sa aka ɗaura mata ruwa mai sukari ta jijiya. Ya fito baranda ya tambayi wa ke tare da ita da abin ya faru. Aka nuna ni.

"Tun yaushe ka ga tana rawar jiki?"

"Tun da safe."

"A'a, kafin yau."

"Wata uku, ranka ya daɗe. Kowace Asabar."

"Wata uku. Ka gaya wa wani?"

Na girgiza kai.

"Kai ɗan makaranta ne, ko? To me ka ɗauka?"

Bappa yana tsaye a gefena. Na ce ban sani ba. Ita ce ƙaryar da ta fi sauƙi.

Sai washegari ta buɗe ido. Likitan ya riƙe ta kwanaki yana gwaji, ya gano cewa da zarar ta ɗan jima ba ta ci ba sukarin jininta sai ya faɗi ƙasa warwas. Ya zaunar da Bappa ya yi masa tambayoyin da suka ba kowa mamaki, ba a kan yarinyar ba, a kan dangi. Ya tambayi tsakuwar ƙodarsa da gyambonsa. Ya tambayi me ya kashe mahaifinsu, aka ce aman jini. Ya tambayi labarin Goggo, aka ce ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ciwon kai ya ci mata rabin gani. Daga nan ya ce yana zargin abu ɗaya ne ke yawo a gidan, gado ne, yana fita wa kowa ta wata kafa. Ita ya kama ta ne a wata tsoka da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, mai daidaita sukari a jini. Ƙari ne ya fito a wurin, yana ta aiki ba tsayawa, yana ƙone mata sukari ko ta ci ko ba ta ci ba. Ya rubuta musu takarda zuwa wani babban asibitin koyarwa, tafiyar kwana biyu a mota.

Mahaifina ne ya ba ni wannan bayani, a shago, yana auna yadi.

"Ka je ka duba ta kuwa?"

"Zan je, Baba."

"Bappanka yana ta sa maka albarka. Wai ba don kana wurin ka yi ihu ba, da Allah kaɗai ya san abin da zai faru."

Ban je ba. Sau biyu ina kaiwa ƙofar asibitin ina juya keke. Ba fuskarta nake tsoro ba, ta Goggo nake tsoro, da godiyar Bappa. Ranar da wa'adina ya cika na hau motar Maiduguri ban yi wa kowa sallama a Makama ba. A can wasiƙar mahaifina ta same ni: an yi aikin, an ciro ƙarin, bai fi ƙwayar gurjiya ba, ta tashi. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, cewa dogon suman nan ya taɓa ta, tana mantuwa, likitoci sun ce a bar maganar jarrabawa.

Na yi shekaru ina lissafin da ba shi da amsa. Ƙarin ba ni na sa mata ba, a jininta yake, da ni da babu ni wata rana zai kayar da ita. Har na taɓa gaya wa kaina cewa faɗuwar ce ta sa aka gano ciwon. Amma ƙwaryar kunu ɗaya ta ishe ta ta wuce ran nan lafiya, kuma tsakaninta da ƙwaryar taku uku ne. Ni ne a tsakani.

Na dawo gida da aiki bayan an raba jihar, Yola ta zama hedikwata. Sau ɗaya na gan ta, a kasuwar Jimeta, wajen masu zare. Ta rame daga yadda na san ta, akwai tabon aiki a gindin wuyanta, wanda na ji daga baya cewa na biyu ne, irin ciwon Bappa ne ya biyo ta, ashe tushensa a wata tsoka ta wuya yake. Na tsaya na gaishe ta, na faɗi sunan mahaifina.

"Allah sarki, ɗan Alhaji mai yadi! Ya ya mutan gida? Allah ya jiƙan Alhaji, mutumin Bappa ne sosai."

"Ba ki gane ni ba?"

Ta ɗan yi dariya, ta kira ni yadda Fulani ke kiran yaya. "Ka yi haƙuri, Hamma. Akwai wata shekara da na yi ciwo, duk ta goge mini. An ce har wani malami aka ɗauko mini daga Jimeta. Kai ka san shi?"

Na ce na san shi sama-sama. Ta ce in na gan shi in gaishe shi.

Ba ta zama malama ba. Ta auri wani ma'aikacin gandun daji, suka zauna a unguwar Yolde Pate a Yola, ta haifi 'ya'ya uku. Ɗinki ta koya, kuma an ce ba ta riƙe awon mutum a ka, komai sai ta rubuta a bango da alli, ɗakin ɗinkin nata duk ya yi fari. Matan unguwa sun san ta da abu guda: duk shekara sai ta tasa 'ya'yanta gaba zuwa asibiti a ɗebi jininsu, ko lafiyarsu ƙalau, ko mijin ya ce ɓata lokaci ne. A haka aka kama ciwon a jikin na tsakiyar yana shekara sha huɗu, aka yi masa aiki bai taɓa faɗuwa ba. Ita ta rasu ba ta cika hamsin ba, ciwon ciki ne. Na je jana'izar, na tsaya a sahun baya, na tafi kafin a fara gaisawa.